Wa Ke Aske wa Hadari Kai?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili da la'asar ɗin damina ya hangi hadari yana haɗuwa daga gabas ya ga wannan abu, ko da bai kula ba. Gajimaren yakan fara ne ɗan ƙarami, fari fat. Kafin a ankara ya kumbura, wani curi ya hau kan wani, ya yi ta toroƙo yana miƙewa sama. Can kuma sai ya tsaya cak. Kan nan da yake ta curewa sai ya baje, ya shimfiɗu gefe da gefe, samansa ya yi sumul. Idan akwai wani hadarin a nesa, shi ma a daidai wannan tsayin zai baje nasa kan. Masana yanayi suna kiran wannan shimfiɗaɗɗen kai maƙera.

A wurin da ya tsaya babu dutse, babu bango, sai shuɗin sama zalla. To me ya tare shi? Ruwa dai ba ya tsami banza. Amsar ta ɗauki Turawan ƙarni na 19 shekaru da dama, ta kuma ci rayuka kafin a same ta.

Kafin a tambayi abin da ya tsayar da hadari, sai an san abin da ya ɗaga shi tun farko. Kowa ya san Jos ta fi Kano sanyi, shi ya sa dankalin Turawa ke yi a can, shayi kuma yake yi a tsaunin Mambila. Kano tana kan tudu mai kimanin mita 480 daga saman teku, Jos kuwa kimanin mita 1,200. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, yana dab da layin da ya raba duniya biyu inda rana ke ƙwallewa, amma ƙanƙara ce a kansa. A matsakaici, duk kilomita ɗaya da mutum ya hau, zafi yana raguwa da digiri shida da rabi. Yaro mai wayo zai ce ai wanda ya hau dutse ya matsa kusa da rana, ya kamata ya fi jin zafi. Tambayar tana kan hanya, kuma manya da yawa ba su da amsarta.

Hasken rana yana ratsa iska ne kusan ba tare da ya ɗumama ta ba. Ƙasa yake gasawa, ita kuma ƙasar ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Wato wutar da ke dafa iskarmu a ƙasa take. Iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka sai ta tashi. Ungulayen da ake gani da tsakar rana suna shawagi ba su kaɗa fiffike, a kan wannan iska mai tashi suke hawa.

Tun a 1648 aka tabbatar da ɗaya rabin labarin. A shekarar ne Blaise Pascal ya sa surukinsa Florin Périer ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da ma'aunin nauyin iska, aka ga nauyin yana raguwa yayin da ake hawa. Iskar da ta tashi tana shiga inda matsi ya ragu, sai ta buɗe ta yi faɗi, iskar da ta buɗe kuwa sanyi take yi. Mai faci ya san haka a aikace: iskar da ke fita daga bakin taya da sanyinta take fita, famfon da ke cusa ta kuma zafi yake ɗauka.

Idan iskar nan tana ɗauke da danshi, kamar wadda ke busowa daga Tekun Atlantika da damina, akwai tsayin da za ta kai sanyi ya sa tururin da ke cikinta ya koma ɗige-ɗigen ruwa. Nan ne gindin gajimare. A nan kuma wani abu yake faruwa wanda shi ne ƙarfin hadari gaba ɗaya. Zafin da rana ta kashe wajen mayar da ruwan teku tururi bai ɓace ba, yana ɓoye a cikin tururin, kuma idan tururin ya koma ruwa sai ya sake shi. Don haka cikin gajimare ya fi iskar da ke kewaye da shi ɗumi. Muddin ya fi ta ɗumi, ya fi ta sauƙi. Muddin ya fi ta sauƙi, zai ci gaba da hawa.

To a nan gizo ke saƙar. Masana na ƙarni na 19 sun ɗauka sanyin yana ƙaruwa ne babu iyaka, daga doron ƙasa har can inda iska ta ƙare. Idan haka ne, ƙaƙƙarfan hadari ba shi da dalilin cin birki a wuri guda. Wani zai ce ruwansa ne yake ƙarewa. Amma da haka ne, da kowane hadari ya tsaya a inda nasa guzurin ya ƙare, wani ƙasa wani sama, kansa kuma ya watse a hankali. Wani zai ce iska mai ƙarfi ce take share kan. Ita iskar tana bayyana dalilin da ya sa maƙerar take karkata gefe ɗaya, amma ko ranar da saman ya yi tsit, kan yana bajewa. Babu abin da ya rage sai a hau a gani, tunda gani ya kori ji.

Hawan ne matsalar. Ranar 5 ga Satumba 1862, James Glaisher, masanin yanayi, da Henry Coxwell, gwanin tuƙa balan-balan, suka tashi daga Wolverhampton a Ingila, a cikin kwando, da ma'aunai da 'yan tattabaru. Glaisher yana ta rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna har idonsa ya daina ganin lambobi, hannuwansa suka saki, ya suma. Coxwell kuwa sanyi ya kashe masa hannuwa, ya kasa kama igiyar da ake ja a rage iskar balan-balan. Da haƙori ya cije ta ya ja, shi ne suka sauko da rai. Shekara 13 bayan haka, ranar 15 ga Afrilu 1875, Faransawa uku suka tashi daga Paris a cikin wata balan-balan mai suna Zénith. Sun tafi da jakunkunan oksijin, amma da suka haura kilomita 8 jikinsu ya mutu kafin su kai bututun baki. Gaston Tissandier ya farfaɗo ya tarar da abokansa biyu, Sivel da Crocé-Spinelli, sun riga mu gidan gaskiya. Duk wannan wahala, abin da aka auno bai sauya komai ba: iya inda mutum ya kai da hankalinsa, sanyi ƙaruwa yake yi.

Sai aka yi dabara. Tunda ma'auni ba ya numfashi, a tura shi shi kaɗai. A 1892 Gustave Hermite da Georges Besançon suka fara sakin ƙananan balan-balan a Paris ɗauke da na'urar da ke zana zafi da nauyin iska da kanta. A watan Maris na 1893 ɗaya daga ciki ta kai kimanin kilomita 16. Da aka ɗauko ta aka duba, zanen ya nuna sanyi yana ƙaruwa har digiri 51 ƙasa da sifili a wajen kilomita 12, amma a can ƙololuwa ya nuna ɗumi. Masana suka ce rana ce ta gasa na'urar.

Kada mai karatu ya yi saurin yi musu dariya, domin zarginsu yana da tushe. A can sama babu ƙura babu gajimare, rana tana dukan ƙarfe kai tsaye, iskar da za ta fifita shi kuma ta yi siriri. Ma'aunin da aka bari a rana, zafin jikinsa yake faɗa, ba na iska ba. Lalle wani ɓangare na ɗumin da na'urar Hermite ta nuna ƙarya ce. Abin da ba a gane ba shi ne a ƙarƙashin ƙaryar akwai gaskiya kwance. Shekaru da dama, duk balan-balan ɗin da ta dawo da irin wannan zane sai a ce kuskure ne, a gyara lambobin su dace da abin da ake tsammani.

Léon Teisserenc de Bort ma'aikacin hukumar yanayi ta Faransa ne, kuma mai hali. A 1896 ya ajiye aiki ya kafa tashar bincike da kuɗin aljihunsa a Trappes, kusa da Paris. Balan-balan ɗinsa ta takarda ce da aka shafe da mai don kada iska ta zurare, a cika ta da haidirojin, a rataya mata ɗan kwando mai na'ura. Da yake tawada daskarewa take yi a sama, allura ce ke karta zane a jikin wani ɗan ganga da aka turara da baƙin hayaƙi. A jikin kwandon akwai takarda da ke roƙon duk manomin da ya tsince shi ya mayar, a ba shi tukuici. Shi ma da farko gyara lambobin yake yi kamar kowa. Amma kuskuren ya cika naci, kullum a wuri ɗaya yake fitowa, sai ya ƙudura zai bi waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko rana. Maganinta mai sauƙi ne, ko da yake da wahalar aiki: a saki balan-balan da dare, ta gama hawa kafin gari ya waye. Ya yi haka sau da yawa. Babu rana, amma zanen bai sauya hali ba. A wajen kilomita 11 sanyi yakan kai kimanin digiri 55 ƙasa da sifili, daga nan ya ƙi gaba, wani lokaci ma ya ɗan sassauta.

Na biyu ita kanta balan-balan. Ta takarda tana rage gudu idan ta kusa ƙarshen hawanta, iska ta daina kaɗa ma'auni, har ana zargin ɗumin jikinta ne yake shafarsa. Wannan a Jamus aka warware shi. Richard Assmann, likita ne da ya koma nazarin yanayi, wanda dama ya ƙera ma'aunin da farfela ke busa masa iska don rana kada ta ruɗe shi. Ya sa aka yi masa balan-balan ta roba, rufaffiya, wadda ke kumbura tana hawa ba ta rage gudu har ta fashe, na'urar ta sauko da laima. Ita ma abin da ta gani ke nan.

Na uku na'urar. Wa ya ce ƙarfen da ke zane shi kaɗai a cikin irin wannan sanyi gaskiya yake faɗa? Ranar 31 ga Yuli 1901, abokan aikin Assmann biyu, Arthur Berson da Reinhard Süring, suka tashi daga Balin a cikin wata ƙatuwar balan-balan, suka kai kimanin mita 10,800, suna karanta ma'auni da idonsu har suka suma. A ranar an saki wata marar mutum. Da aka gwada lambobin biyu, sai suka dace.

Akwai kuma wata shaida da ta fi gamsar da ni. Teisserenc de Bort ya lura cewa tsayin da sanyin yake tsayawa ba ɗaya ba ne kullum. Ranar da nauyin iska ya yi ƙasa ana cikin ruwa da iska, iyakar takan sauko. Ranar da nauyin ya yi sama gari ya yi garau, takan ɗaga. Lalatacciyar na'ura ba ruwanta da halin da gari yake ciki. Abin da ke hawa da sauka tare da yanayi, na sama ne, ba na ƙarfe ba.

Ranar 28 ga Afrilu 1902 ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Paris sakamakon balan-balan 236 da suka haura kilomita 11. Kwana uku bayan haka, ranar 1 ga Mayu, aka gabatar da na Assmann a Balin. Ashe iskar duniya hawa-hawa ce. Daga baya Teisserenc de Bort ya raɗa wa hawan ƙasa suna turofosfiya, na samansa kuma sitiratosfiya.

Yanzu a koma kan hadari. Yana hawa ne don ya fi maƙwabtansa ɗumi, shi kansa kuma yana ƙara yin sanyi da kowane taku saboda buɗewa. A hawan ƙasa wannan ba ya hana shi, domin iskar da yake tararwa a gaba ta fi shi sanyi. Amma da ya iso inda iskar kewaye ta daina ƙara sanyi, lissafi ya juya. Shi yana ci gaba da sanyi, ita ba ta yi. Nan da nan ya zama shi ne mai nauyi. Sama ba hanya, ƙasa kuma wata iskar tana turo shi, sai ya fantsama gefe. A wannan sanyi babu sauran ɗigon ruwa, ƙurar ƙanƙara ce zalla, shi ya sa maƙera take da laushin gefe ba kamar curin da ke ƙasa ba. Hadari mai tsananin ƙarfi yakan kutsa da gudunsa ya yi ɗan tozo a saman maƙerar, na ɗan lokaci, sannan ya koma. Matuƙan jirgin sama idan sun hangi wannan tozo sukan ba shi hanya da nisa.

Da an tsaya nan da an ce an gama, sai dai allura ta tono garma. Me ya hana hawa na biyu yin sanyi? Kuma a 1908, da Berson ya jagoranci wata tawaga zuwa Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka, sai aka samo abin da ya fi ɗaure kai. A can iyakar ba a kilomita 11 take ba, ta haura 16, sanyin da ke wurin kuma ya zarce digiri 80 ƙasa da sifili. Wato saman ƙasashen zafi ya fi saman Turai sanyi, ya ma fi saman ƙasashen ƙanƙara a mafi yawan shekara.

Wannan na biyun, wato sanyin saman ƙasashen zafi, lissafi ne kawai. Inda rana ta fi gasa ƙasa da teku, nan iska ta fi tashi da ƙarfi, ta tura iyakar nan, wato rufin hawan ƙasa, sama. Idan aka tashi da digiri 30 a ƙasa, aka yi ta zubar da shida da rabi har kilomita 17, an zubar da 110, an sauka a 80 ƙasa da sifili. A ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya rufin yana wajen kilomita 8 ne, tafiyar gajeriya ce, saboda haka sanyin da ake tarawa bai kai ba. A nan ƙasashen zafi kuma rufin ba siririn layi ba ne, yanki ne mai kaurin 'yan kilomitoci, yawancin hadari yakan baje tun a gindinsa, wajen kilomita 13 zuwa 14. Wannan yana da amfani ga matafiyi ya sani. Jirgin fasinja yana tafiya ne tsakanin kilomita 10 da 12. A saman Turai sau da yawa hakan ya isa ya ɗora shi bisa hadari. A saman Kano ko Yamai kuwa, hadarin ne ke kallon jirgi daga sama, dole a kewaye shi.

Tambaya ta farko, wato me ya hana hawa na biyu yin sanyi, ta fi jinkirin amsuwa. A 1913 Charles Fabry da Henri Buisson suka auna wata iska da ake kira ozon, suka nuna yawancinta can sama take. A 1930 Sydney Chapman na Ingila ya bayyana yadda take samuwa: wani kaifin hasken rana da ido ba ya gani yana fasa oksijin, ɓaraguzan su haɗu da wani oksijin su zama ozon. Ba ta da yawa ko kaɗan. Da za a tattaro ta duka a sauko da ita doron ƙasa, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba. Amma tana shanye wannan kaifin haske, abin da ta shanye kuma ya zama zafi. Saboda haka a hawa na biyu ɗumi yana ƙaruwa ne yayin da ake hawa, har a wajen kilomita 50 ya kusa komawa sifili.

Tukunyar da aka hura wa wuta a gindi tana tafasa, na ƙasa ya hau, na sama ya sauko. Wadda aka zuba wa garwashi a kan murfi kuwa, samanta ya yi zafi amma ruwan ba ya motsi. Hawan farko daga ƙasa ake dafa shi, na biyu daga sama. Shi ya sa gajimare da ruwa da ƙanƙara da guguwa da hazo, kusan duk abin da muke kira yanayi, a hawan farko suke. Kimanin kashi uku cikin huɗu na nauyin iskar duniya a nan yake, tururin ruwa kuwa kusan dukkansa, domin wanda ya yi yunƙurin ƙetare rufin sanyi yana daskarar da shi ya dawo da shi. Dutsen Everest da duk tsayinsa bai fita daga ciki ba.

Ana iya gwada wannan bayani da ƙura iri biyu. Ƙurar hunturu da ke rufe Kano da Maiduguri da Damagaram, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki. Komai yawanta, a hawan ƙasa take yawo, cikin kwanaki ko 'yan makonni ta kwanta ko ruwa ya wanke ta. A watan Yuni na 1991 kuwa dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta, ya harba toka sama da kilomita 30, ya zuba miliyoyin tan na hayaƙin farar wuta a hawa na biyu. A can babu ruwan da zai wanke shi. Ya kewaye duniya, ya yi kusan shekara biyu yana tare hasken rana, har matsakaicin zafin duniya ya ragu da kimanin rabin digiri a 1992.

Aikin da aka fara a Trappes bai tsaya ba. Tun wajen 1930 aka haɗa wa na'urar rediyo, ba a ƙara jiran manomi ya tsinto kwando ba. Yau ɗaruruwan tashoshi a duniya suna sakin balan-balan sau biyu a rana a lokaci guda, kuma abin da suka auno yana cikin abin da ake ɗura wa kwamfutocin hasashen yanayi. Tauraron ɗan'adam yana ganin saman gajimare, amma sanin yadda zafi da danshi da iska suke a kowane taki daga ƙasa zuwa rufi, har yanzu babu kamar balan-balan. Afirka tana fama da ƙarancin waɗannan tashoshi, waɗanda ke akwai ma da yawa ba sa saki a kai a kai saboda tsadar na'ura da haidirojin, abin da hukumar yanayi ta duniya ta sha kokawa a kai. Alhali mafi yawan ruwan da manomin Sahel ke shuka da shi daga irin waɗannan dogayen hadura yake zubowa. Gwamnatin da ke son a gaya wa manomi ranar shuka, ko a gargaɗi mutanen bakin kogi kafin ambaliya, sai ta sa kuɗin balan-balan a kasafinta.